Yadda Abubakar Imam Ya Yi Fataucin Labari

Da wuya a sami gida a nan zango wanda ba a taɓa jin sunan Magana Jari Ce a cikinsa ba. Wasunmu a makaranta suka karanta, wasu kuwa yayyensu ne suka riƙa karanta musu da dare. Amma yanzu ana wata magana, musamman a bakin yaranmu da suka yi boko mai zurfi, wai marigayi Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa, ba shi ya ƙago labaran nan ba, kwaso su ya yi daga littattafan Larabawa da Turawa. Har wasu kan kira abin sata. Maganar ba ƙarama ba ce, domin littattafan da muke miƙa wa 'ya'yanmu don kada Hausarsu ta salwance a ƙasar da ba a yin ta, su ne ake zargi. Saboda haka ya kamata mu bi tarihin yadda aka yi aikin.

An haifi Imam a Kagara a 1911, a gidan malamai. Ya yi karatun allo da na littattafai, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina, ya gama ya zama malamin Midil a nan Katsina. A 1933 wani Bature, Dokta Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Ya sha wuya kafin ya sami masu shiga, don malaman lokacin suna ganin tatsuniya aikin mata da yara ne, bai kamata mai rawani ya ɓata tawadarsa a kanta ba. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda wan Imam ne, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East, da kuma Ruwan Bagaja. Imam yana da shekara 22 a lokacin.

To, daga ina saurayi ɗan shekara 22 ya samo dabarar Ruwan Bagaja? Bai ɓoye ba. A littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989, ya ce daga Maƙamatul Hariri ya ɗauko tsarin. Wanda duk ya zauna a zauren malami ya san littafin nan ko da suna ne: maƙama 50 na Hariri mutumin Basra, inda Harisu ke ta gamuwa da Abu Zaidu a gari bayan gari, kullum Abu Zaidu ya sake kama ya damfari mutane da daɗin baki. Imam ya ga mutum biyu suna ta karo a garuruwa dabam dabam, ya ce wannan zai yi. Sai ya tsayar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya kayar, gobe wancan ya rama. Amma Larabcin Hariri mai wuya ne, an shirya shi don gwanintar lugga, sai da sharhi ake gane shi. Na Imam kuwa ko ɗan tireda ya ji zai yi dariya, don kasuwar da fadar da gidan alƙalin duk irin namu ne.

Mu da muka tashi cikin fatauci ba mu da wuyar gane wannan. Goron da muke aikawa Arewa ba mu muka shuka shi ba. Amma ai ba kowa ya iya zaɓensa ba, da jera shi a huhu, da sake masa ganye, da yayyafa masa ruwa har ya isa Kano bai bushe ba bai yi tsutsa ba. Wanda bai iya ba, ko an ba shi goron kyauta, asara zai yi.

Babban aikin ya zo a 1936, da East ya roƙi a ba shi aron Imam daga Katsina. Ya zauna Zariya kamar wata 6. East ya tara masa littattafai, na tatsuniyoyin Turai da na Gabas irin su Alfu Laila, ya ce ya karanta ya ga abin da zai yi amfani. Cikin wannan ɗan lokaci ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. A tuna fa, da hannu ake rubutun nan.

A nan ne za a ga irin hankalin mutumin. Labarin aku mai ba da labari kowane dare asalinsa daga Indiya yake, ya bi ta Farisa. A can, wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa, ita kuwa tana so ta fita wajen kwartonta, akun ya riƙa tsare ta da labari har dare 70. Ina za a kai wannan ajin yara a Katsina ko Sakkwato? Sai Imam ya riƙe akun da dabararsa, ya zubar da sauran. Ya kawo Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ga ɗansa Musa yana ɗokin ya bi Mahmudu, ga mugun Waziri ya shirya a hallaka shi da zarar ya fita. Aku ya riƙa jan sa da labari har gari ya waye. Yanzu maganar ta zama ta amana da gadon sarauta, abin da kowane Bahaushe ya san nauyinsa. Akun ma ya ƙare da rawanin Waziri. A littafi na biyu ya kara da wani aku, Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana.

Haka ya yi da labarin Sarkin Busa. Asalinsa na wani gari ne a Jamus, inda ɓeraye suka addabi mutane, wani mai busa ya raba su da su, suka hana shi ladan da aka yi alkawari, shi kuwa ya busa ya tafi da 'ya'yansu. Da yawanmu mun girma ba mu taɓa zaton labarin ya ƙetaro teku ba. Kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa jin zafinsa, don mun san abin da cin alkawarin ciniki ke jawowa.

Imam ya faɗi abubuwa biyu da East ya koya masa. Na farko, kada ya bar mugu ko macuci ya yi nasara a ƙarshen labari, komai ƙarfinsa. Na biyu, in zai juya maganar wani zuwa Hausa, kada ya zama bawan kalmomi kamar mai fassara littafin addini. In dai ya fahimci abin da mutumin ke nufi, to ya nuna gwaninta a harshensa yadda wancan ya nuna a nasa. Ta farkon, a ganinmu, ta ɗan daure masa hannu. Malam Zurƙe da ke ta tsiya a Ruwan Bagaja ya fi wasu mutanen kirki na Magana Jari Ce rai, kuma da zarar ka ga azzalumi a cikin littafin ka san ƙarshensa. Ta biyun kuwa ita ce ta ba mu Hausar da har yau ake koyi da ita, mai karin magana a inda ya dace, da zancen fada, da ba'ar da ke tsakanin ƙabilu da masu sana'a.

Inda masu sukar ke da gaskiya shi ne, littafin bai bi labari ɗaya ɗaya ya ce wannan daga wuri kaza yake ba. Sai daga baya malaman jami'a suka zauna suka bi sawun da yawa daga cikinsu, wannan daga Alfu Laila, wannan daga Kalila wa Dimna, wancan daga tatsuniyoyin Jamus. Amma aikin na hukuma ne, ita ta tara littattafan ta ba shi don a sami abin karantawa a makarantu, shi kuma da aka zo ga tarihinsa ya faɗa da bakinsa. Su kansu Kalila wa Dimna da Alfu Laila, Larabawa daga Farisa da Indiya suka samo tushensu.

Bayan wannan aiki East bai sake shi ba. A Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ya zama editanta na Hausa. Daga nan aikin jarida da na hukuma suka ɗauke shi, kuma mafi yawan abin da ya rubuta bayan haka tarihi ne da addini da labarin tafiya, irin su Tafiya Mabuɗin Ilmi da ya biyo bayan zuwansa Ingila a 1943. Ya rasu a 1981, yana da shekara 70.