Wa ke ƙirga iccen da ya rayu? Tarihin masu sa ido kan dajin Arewa



Duk shekara idan 3 ga watan Agusta ta zo, muna jin adadin itatuwan da anka dasa. Tun 1975 ake haɗa wagga rana da bikin dashen icce a Nijar, kuma ba a taɓa rasa adadin da za a faɗa ba. Adadin da ba mu cika ji ba shi ne na watan Afrilu: nawa daga cikinsu sunka kai bazara da rai, bayan iska da awaki da gatari sun bi ta kansu? Wanga adadi ba a ofis ake samun shi ba, sai wajen wanda ke kwana kusa da wurin. Shi ya sa yau munka ɗauko tarihin waɗanda sunka riƙe aikin sa ido kan ƙasa da daji a yankinmu, don ana maganar farfaɗo da ƙasa ko'ina, amma ba a cika maganar mai tsaronta ba.

Tun kafin annasara ya zo, daji ba sakakke ba ne a Arewa. Sarauta tana hannun Arawa, amma sha'anin ƙasa yana hannun Gubawa, 'yan ƙasa, da Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji a kan gaba. Akwai wuraren da ba a sa musu gatari, akwai lokacin da maharbi ba shi shiga daji sai an yi buɗin daji. Yau yawancinmu mun bar waɗannan al'adu saboda addini, kuma ba kiran a koma musu muke ba. Abin lura ɗaya ne: mai hana saran icce ɗan gari ne, an san gidansu, an san kakanshi, kuma in daji ya lalace har da shi za a sha wuya.

Bayan yaƙin Lugu na 1899, Faransawa sunka kafa bariki a Matankari, daga baya a 1906 sunka maido ta Dogon Dutsi. Abu biyu sunka shigo da su da ke da alaƙa da zancenmu. Na farko ma'aunin ruwan sama: tun shekarun 1920 ake rubuta ruwan da ya sauka a Dutsi, abin da ya sa garinmu ke cikin masu dogon tarihin awon ruwa a ƙasar nan. Na biyu dokar daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, ta sa daji a hannun hukuma, ta ware wasu itatuwa da ba a taɓawa sai da izini. Bayan 'yancin kai, dokar daji ta watan Maris 1974 ta bi kusan wannan sawu, da gawo cikin itatuwan da anka kare.

Niyyar ba mugunya ba ce, amma ku dubi abin da ta haifar. Manomi ya gane cewa iccen da ya girma cikin gonarshi ba nashi ba ne, kuma ranar da ya datse reshe ɗaya ana iya cin shi tara. To mi zai sa shi bar toho ya girma? Gara shi kashe shi tun yana ƙarami, lokacin sassabe, kafin ya zama abin da zai jawo mishi magana. Ga kuma malaman gona na wancan zamani suna koya ma mutane cewa gona mai kyau ita ce wadda anka share tas. Aikin sa ido ya tashi daga hannun gari duka, ya koma hannun ma'aikacin gandun daji guda da anka ɗora ma ƙauyuka barkatai. Ko da aljani gare shi ba shi iyawa.

Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 da tsofaffinmu ke kira El Buhari, shekarar da anka rufe iyakar Najeriya. Wanda ya ci anza a waɗannan shekaru ba shi buƙatar a yi mishi bayanin amfanin daji. Fari na farko ne ya haifi cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don bin diddigin ruwa da amfanin gona a ƙasashen Sahel. A watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kountché, anka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, anka ɗauki alkawarin dashe a kowane gari, samariya ta fito, anka yi gandayen icce na ƙauye. An sha aiki ƙwarai, kuma bedin da muke shan inuwarshi a bakin tituna shaida ne. Amma gandaye da dama sun watse, don iccen kowa da kowa ba shi da mai ban ruwa.

A daidai wancan lokaci wani abu ke tasowa cikin gonakin Maraɗi ba tare da ganga ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai. In an zaɓi toho biyu ko uku an gyara su, an datse saura, an kare su daga dabba, icce zai tashi da sauri fiye da na dashe, don ya riga ya kai ga laima. Wannan shi ne sassaben zamani, kuma ba baƙon abu ba ne ga manoman da, tunatarwa ce. Ya bi gona gona, daga baki zuwa baki.

Nan ne darasin tarihin yake, a ganinmu. Kusan shekara 20 ana wanga aiki, babu wanda ke da lissafinshi. Sai bayan shekara ta 2000, da masu bincike irin su Gray Tappan na Amurka, Chris Reij na Holan da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou sunka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 da sabbin hotunan tauraron ɗan adam, sannan duniya ta farga: kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a Maraɗi da Damagaram. Wato aikin gyaran ƙasa mafi girma da talakan Nijar ya taɓa yi, daga sama anka gano shi, shekaru bayan an yi. Da kowane gari na da kaye guda da ake rubuta yawan iccen gona a ciki, da ba a ɗauki wannan tsawon lokaci ana cewa manomi ne ke kawo hamada ba.

Inda aikin ya ɗore, ba don hikimar datsa kawai ba ne. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutane sun ga cewa kana gyara toho da rana, da dare wani ya bi ya sare. Sai sunka kafa kwamitin sa ido na gari, sunka sa maza da mata da matasa, sunka jawo makiyaya ciki, sunka yi dokokinsu da tararsu da sanin hukuma. Sa mata ba ado ba ne: su ke neman iccen dahuwa, su ke fara ganin inda sabara da kalgo sunka ragu. Makiyayi kuma in ba shi cikin shawara, ba shi da dalilin mutunta ta. A ƙasan Dallol Mawri ma, wajen Gaya, dajin giginya ya fara samun sauƙi ne a shekarun 1990, lokacin da wani shiri mai tallafin Suwizalan ya miƙa kula da shi ga kwamitocin ƙauyuka, sunka samu rabonsu cikin kuɗin itacen da ake sayarwa, sunka riƙa lura da masu haƙar muruci.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Kazamans ta Senegal, bakin teku, tun 2006 ƙungiyar Oceanium ta Haidar El Ali ta tara dubban mutanen ƙauye suna sake dasa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, inda kifi ke hayayyafa. Su laka da gishiri, mu fako da rairayi, amma tambayar da ke biyo bayan dashe ɗaya ce: wa zai koma shi duba?

Mu dawo gida. Mutanen Dutsi ba su manta da ambaliyar 2002 ba, lokacin da ruwa ya gangaro daga tuddai ya shiga gari. Bayanta ne, da taimakon ƙungiyar RAIL da ƙawayen Dutsi na garin Orsay a Faransa, jama'a sunka hau duwatsu sunka jera shingayen dutse masu rage gudun ruwa, sunka gina rabin wata a kan fako. Tun daga nan shirye-shirye iri iri sun zo da irin wanga aiki a ƙauyukan gundumomin Dutsi da Tibiri, wani a biya da kuɗi, wani da hatsi. Hekta guda tana cin rabin wata 313, kuma wanda ya taɓa riƙe diga a kan fako cikin watan Maris ya san ma'anar wanga adadi a ƙugunshi. Sai dai rabin wata ba gini ne na har abada ba. Ruwa na fasa gefenta, yashi na cike ta, garke guda na iya cinye dashen shekara cikin yini ɗaya. Ku bi tuddanmu za ku ga iri biyu: wurin da ciyawa ta rufe har ana yanka ana sayarwa, da wurin da ya koma fako sai allon shirin da ya yi tsatsa. Sau da yawa ƙasar iri ɗaya ce, ruwan ma ɗaya. Bambancin shi ne a wuri na farko mai gadi da kwamiti sun ci gaba bayan kuɗin aiki sun ƙare.

Ta ɓangaren awon ruwa kuwa, ma'auni ya daɗe kafin shi fito daga farfajiyar hukuma. Dukanmu mun tashi muna jin Muryar Sahel tana karanto ruwan da ya sauka: gari kaza milimita kaza. Amma kowa ya san halin damanarmu, ana iya yin ruwan shuka a Matankari, Bagaji ko ɗigo. Ma'auni guda a babban gari ba shi gaya ma manomin ƙauye komi game da gonarshi. Mali ce ta fara ba manoma ma'aunin ruwa a hannunsu tun 1982, sannan daga 2008 hukumar yanayi ta duniya ta yaɗa dabarar a Afirka ta Yamma. A jaharmu ta Doso, shirin ANADIA na hukumar yanayi ta ƙasa da tallafin Italiya ya horar da manoma masu awo, da Kieshe da Gesheme cikin garuruwan da anka zaɓa, ana aika adadi da karɓar hasashe ta waya da WhatsApp da gidajen rediyon karkara.

Kada a raina ɗan kofin roban nan da ke bisa sanda. Milimita 1 na nufin litar ruwa 1 a kan kowane murabba'in mita. Masana na cibiyar ICRISAT ta Sadore sun daɗe da nuna cewa shukar hatsi ta fi aminci in an samu milimita 20 cikin kwana 3, ba tare da dogon tsaikon ruwa ya biyo baya ba. Manomin da ke iya karanta ma'auni yana da abin da zai gwama da zurfin laimar da yake gwadawa da hannu, kafin shi zuba irin da ya rage mishi. Kuma mai kula da filin da anka gyara yana iya sanin ko dashe ya mutu don ƙarancin ruwa ne ko don bakin akuya.

Daga duk wanga tarihi, abin da ke kashe aikin sa kai sananne ne. Mutum ya rubuta adadi wata uku, ya aika, bai taɓa jin mi anka yi da shi ba, sai shi aje bik. Ma'auni ya fashe, babu mai sake shi. Kuɗin kira daga aljihunshi suke fita. Mai tattara bayanai ma'aikacin shiri ne, ranar da shiri ya naɗe tabarma ya tafi da kayen duka. Ga kuma matasanmu da ke tafiya cin rani daidai lokacin da icce ya fi buƙatar ido, abin da ya sa kwamitin da babu mata cikinshi ke zama fanko daga girbi har faɗuwar ruwa. Ba babban buje ake buƙata ba don toshe waɗannan. Ana buƙatar mutum guda a ma'aikatar magajin gari da kowa ya san shi ke karɓar adadi, da lokaci guda na awo kowace safiya, da fili guda mai iyaka da ake ƙirga iccenshi sau biyu a shekara, bayan girbi da kuma cikin bazara, a ɗauki hoto daga wuri guda. Sannan a maido ma gari da sakamakon a bainar jama'a. Mu da ke bakin makirfo mun ga yadda mutum ke ɗaukar aikin da girma in ya ji an ambaci ƙauyensu da adadin da shi da kanshi ya auna.

Yanzu ma lissafin ya fi da muhimmanci, don doka ta juya. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, dokar daji ta 2004 ta buɗe ƙofa ga jama'a, sannan a ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince cewa iccen da manomi ya raina a gonarshi ta hanyar sassaben zamani nashi ne. Shekara 85 ke nan tsakaninta da dokar 1935. Amma ranar da gardama ta tashi tsakanin mai gona da mai aro, ko tsakanin magada, ko da mai saran icce, za a tambayi wa ya raini gawon nan, tun yaushe, kuma wa ya shaida. Nijar kuma ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030, kuma wani zai rubuta nawa ne rabon Arewa a ciki, ko mun ƙirga ko ba mu ƙirga ba. A Kieshe da Gesheme akwai mutanen da hannunsu ya riga ya saba da kaye da bik. Da su, da kwamitocin ƙasa na ƙauyukansu, ya kamata magadan gari su fara ƙirgan watan Afrilu mai zuwa.