Daga Takrur zuwa Takari: Tafiyar Wani Suna a Jidda

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka Jidda ya ji kalmar Takari, ya kuma san irin kallon da ke biyo bayanta. Amma in muka bi sawunta baya, za mu iske daga gidan sarauta da zauren malamai ta fito.

Tushenta Takrur, wata daula a gaɓar kogin Senegal wadda sarkinta War Jabi ya karɓi Musulunci kafin rasuwarsa wajajen 1040. Da yake sunan wannan daula ya riga na maƙwabtanta isa gabas, sai Larabawan Masar da Hijaz suka yafa shi a kan duk wanda ya fito daga yammacin Afirka. Ko Mansa Musa da ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, Sarkin Takrur aka riƙa kiransa, alhali a bayanin masanin tarihi al-Umari, Takrur yanki ɗaya ce kawai a ƙarƙashin Mali. Nan ma'anar ta fara faɗaɗa: daga sunan ƙasa guda ta zama laƙabin sashen nahiya.

Malamanmu kuwa da hannu biyu suka karɓe ta. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, an san shi da laƙabin al-Takruri. Da Muhammadu Bello ya rubuta tarihin jihadi a 1812, Infaƙul Maisuri, ƙasashen Takrur ya ambata a sunan littafin, kuma ƙasar Hausa da Barno na cikin abin da yake nufi. A wancan zamani, a ce da mutum Batakrure shaida ce cewa Musulmi ne daga ƙasa mai ilimi da zinariya.

Ma'ana ta uku a kan hanya aka haife ta. Talaka mai niyyar hajji yakan bar Kano ko Katsina a ƙafa, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, yana tsayawa ya yi noma ko dako ya tara guzuri, har ya isa Sawakin ya hau jirgin katako ya haye Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru. Wasu a hanya suke aure, a hanya suke haihuwa. Matafiyi Burckhardt, wanda ya sauka Jidda a 1814, ya ba da labarin waɗannan mahajjata da juriyarsu. A bakin mutanen Hijaz, Takruni, wato mutumin Takrur, ya zama alhajin da ya zo da ƙafarsa, yana ci da guminsa.

Shekarar 1903 ta ƙara yawansu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, dubban jama'a suka yi hijira gabas. Wasu suka tsaya Sudan tare da ɗansa Mai Wurno, wasu suka zarce Hijaz da niyyar zama har mutuwa. A Jidda suka kafa bukkoki a bayan ganuwa, a wurin da ake kira Nakatu, suna ɗiban ruwa, suna dako a bakin teku, mata na sayar da abinci. Da aka rushe ganuwar a 1947, birni ya bazu ya haɗiye su, unguwanni irin su Karantina da Sabil da Hindawiyya suka cika da Hausa.

Sai man fetur da fasfo suka zo suka juya al'amarin. Jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, hajji ya koma na biza mai wa'adi, zama kuma sai da igama, wato takardar izinin zama, da kafili mai tsaya wa mutum. Wanda ya wuce wa'adinsa ya zama abin neman jami'an shige da fice na jawazat, ƙarshensa tarhil, wato a tasa ƙeyarsa gida. A nan ne sunan ya ƙuntata. A bakin wasu Larabawa ya zama gori ga baƙar fata. A bakinmu kuwa Takari ya zama mai zaman ɓoye, ko matar da ke aikatau a gidajen mutane. Har a gida muka raba: ga alhaji, ga 'yar Kano-Jidda mai fatauci, ga Takari.

Jikokin masu hijirar farko, waɗanda suka zama 'yan ƙasa, sai suka riƙe sunayen da ke fayyace asali: Hausawi, Fallata, Barnawi. Da su suka yi fice. Shaihu Umar Fallata ya karantar a Masallacin Annabi shekaru masu yawa. Usama Hausawi ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Rayyana Barnawi, haifaffiyar Jidda, ta tafi tashar sararin samaniya a 2023. Tsofaffin unguwannin kuwa, rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya share da yawansu.

Mutanen dai su ne na jiya, masu neman kusanci da Ɗakin Allah da abin sawa a baka. Dokokin iyaka ne suka sauya, sunan ya sauya tare da su. Don haka ya kamata mu yi hattara da yadda muke furta shi. Duk sanda muka jefi wani da shi don raini, muna taɓa sunan da Muhammadu Bello ya zaɓa wa ƙasarmu baki ɗaya.