Jiratawa da Gulbin Maraɗi

Garin Jiratawa yana kudu da birnin Maraɗi, cikin gundumar Madarumfa, a bakin fadamar da Gulbin Maraɗi ya shimfiɗa. Shi wannan gulbi baƙo ne mai wucewa: daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkata yamma ya koma Nijeriya, inda yake zuba cikin Gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, amma laka da damshin da yake bari su suka riƙe mutanen kwarin tun kaka da kakanni.

Anna, manoma da mahalba, su ne ƴan ƙasa na farko. Bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi ƙaura, har Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ƙauyukan kwarin su ne rumbun waɗannan fadodi biyu, kuma daga cikinsu ake tara dakaru. Ana yawan ambaton Ɗan Baskore da yaƙe-yaƙensa, amma ba kasafai ake tuna waɗanda suka noma geron guzuri ba, alhali da su ma aka yi.

Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1904 da ta 1906 ta bar kwarin a hannun Faransa, tushen gulbin kuwa a hannun Ingila. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon Maraɗi, aka hau tudu, inda daga baya unguwanni irin su Zariya suka tashi.

Jiratawa ta riƙe nomanta. A farkon shekarun 1980 aka buɗe mata fadamar noman rani mai sama da hekta 500, ƙarƙashin kulawar ONAHA, ana jawo ruwan ƙasa da injin lantarki. Alkama da auduga aka fi sa wa gaba da farko. Daga baya zogale ya yi kasuwa, har sunan garin ya bi shi. Sai dai tun da aka datse gulbin a Jibiya, a farkon shekarun 1990, zuwan ruwa ya koma hannun masu buɗe ƙofar madatsa a wancan gefen iyaka, ga kuma kuɗin wuta da manomi zai biya kafin ya ga amfanin gonarsa.