Kiɗan gogen rawar ƙauye a Ingila: daga ƙauye ya fito ko daga birni?

Duk wanda ya taɓa kallon fina-finan tarihi na Turawan Ingila ya ga irin rawar nan: maza a layi ɗaya, mata a layi ɗaya suna fuskantar juna, mai goge na gefe yana ja. Sunanta rawar ƙauye, shi ya sa da yawanmu muka ɗauka cewa kiɗanta gadon manoma ne kaka da kakanni. Da muka bi diddigi sai muka tarar ba haka abin yake kai tsaye ba.

Shi kansa gogen baƙo ne. Wannan mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa, a arewacin Italiya aka fara ƙera shi a ƙarni na 16. Kafin ya samu karɓuwa, mutum ɗaya ne kan kaɗa wa 'yan rawa, sarewa a hannu ɗaya, ɗan ganga a ɗayan.

A shekarar 1651 wani mai sayar da littattafai a Landan, John Playford, ya buga littafin The English Dancing Master, mai ɗauke da raye-raye 105, kowace da kiɗanta da bayanin takunta. Lokacin ma abin lura ne: shekara biyu kenan da fille kan Sarki Charles na Ɗaya, kuma masu tsananin addini ne ke riƙe da ƙasar. Shi da bakinsa ya amsa a gabatarwa cewa zamanin bai dace da irin wannan littafi ba. Duk da haka ya yi kasuwa, aka yi ta sake buga shi ana ƙara sababbin kiɗe-kiɗe har zuwa wajen 1728. Masu saye kuwa ba manoma ba ne, lauyoyi ne da ɗalibansu da attajiran birni. Wasu kiɗe-kiɗen tsofaffin waƙoƙin kan titi ne, wasu kuma daga gidajen wasan kwaikwayo aka kwaso su. Akwai wanda Henry Purcell, makaɗin fada, ya tsara domin wani wasa a 1695, ba a jima ba ya zama kiɗan rawar "ƙauye".

Daga nan ne ruwa ya koma gangare. Masu gogen karkara suka riƙa kwafe abin da ya burge su cikin littattafansu na hannu. Na William Vickers, na shekarar 1770 daga arewa maso gabashin Ingila, ya haura kiɗa ɗari biyar, cakuɗe da na Sikotilan da Ayalan. Mawaƙi John Clare, ɗan leburan gona a ƙauyen Helpston, ya koyi wasu daga makaɗan Jibsi masu yawo, wasu kuma ya kwafo su a shagon littattafai na garin Stamford. A Dorset, kaka da mahaifin marubuci Thomas Hardy suna kiɗa a cocin Stinsford, kuma gidan nasu ne ke kaɗa wa 'yan rawa a bukukuwa.

Har ɗan Afirka ya sa hannu. Ignatius Sancho, wanda ya taso cikin bauta ya zama mai shago a Landan, ya buga nasa kiɗe-kiɗen rawar ƙauye goma sha biyu domin shekarar 1779.

A ƙarni na 19 sababbin raye-rayen mace da namiji daga Turai suka ture ta daga manyan ɗakunan biki, ta rage a ƙauyuka. A can Cecil Sharp ya tsinto ragowarta, ya fara bugawa a 1909, ya kuma kafa ƙungiyar raya ta a 1911. A ganinmu ya cancanci yabo, amma ya yi wa ƙauye kwalliyar da ta wuce kima. Kundinsa na farko ne ya tattaro daga bakin mutanen karkara. Da ya zo na biyu, littafin Playford na Landan ya buɗe.