Yadda Neman Ƙasa Ya Jawo Wa Amurka Yaƙin Basasa

Sa'ad da mutanen Amurka suka yi shelar fita daga ƙarƙashin Sarkin Ingila, cikin shekarar 1776, ƙasarsu ba ta da faɗin da take da shi yanzu. Jihohi 13 ne kurum jere a gaɓar Tekun Atlantika, kowace da gwamnanta da majalisarta, suka haɗa kai suka kafa gwamnati guda ta tarayya. Kafin a yi shekara 80 sun miƙe har bakin Tekun Fasifik. To, wannan ƙasa da suka yi ta ƙarawa ita ce ta jawo musu yaƙi a tsakaninsu, don ko yaushe aka sami sabon yanki sai tambaya guda ta taso: za a shiga cikinsa da bayi, ko kuwa 'ya'ya kaɗai za su nome shi?

Bayin nan baƙar fata ne, an kwaso kakanninsu daga Afirka cikin jiragen ruwa. Jihohin Arewa, inda gonaki ƙanana ne kuma mutane sun fi karkata ga ciniki da sana'a, sai suka riƙa soke bauta sannu a hankali. A Kudu ma akwai masu tsammanin za ta mutu don kanta. Ana nan sai cikin 1793 wani mai suna Eli Whitney ya ƙago injin gurzar auduga. A da, mutum yakan yini yana raba auduga da angurya bai sami abin kirki ba, amma da injin ya zo sai aikin kwanaki ya koma na yini guda. Ga kuma masaƙun Ingila a Manchesta suna neman auduga ido rufe. Nan da nan bawa ya yi tsada. An hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, amma duk da haka yawansu ya tashi daga wajen 700,000 a 1790 zuwa kusan miliyan 4 a 1860, yawanci ta hanyar haihuwa, gama doka ta ce ɗan baiwa bawa ne.

Auduga kuwa tana gajiyar da ƙasa, saboda haka mai rinji kullum idonsa na kan sabon daji. Cikin 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar tayar da mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suke kira Jajayen Indiyawa, aka kora su ƙetaren Kogin Misisifi. Kabilar Cherokee kaɗai ta yi hasarar dubban rayuka a hanya. Gonakinsu suka zama na auduga. Fataken bayi kuma suka riƙa sayen mutane a tsofaffin jihohi irin su Bajiniya, suna ɗaure su da sarƙa, suna kora su kudu zuwa kasuwannin Niyu Oliyans. Wajen mutum miliyan guda aka kwashe haka, a raba miji da mata, a raba uwa da ɗanta.

Amma tun kafin wannan an riga an fara jayayya a majalisa. Cikin 1803 Shugaba Jafason ya sayi babban yankin Luwiziyana daga hannun Nafoliyon na Faransa a kan dala miliyan 15, ƙasar ta kusa ninka girmanta. A tsarin mulkinsu, kowace jiha tana aika wakilai 2 zuwa Majalisar Dattawa, ko babba ce ko ƙarama. Arewa ta fi yawan jama'a, saboda haka ta rinjaya a Majalisar Wakilai, sai Kudu ta riƙe ta Dattawa ta zama garkuwarta. A 1819 jihohin bayi 11 ne, na 'ya'ya 11. Da yankin Misuri ya nemi zama jiha tare da bayinsa sai magana ta tashi, don ma'auni zai karkata. Cikin 1820 aka yi sulhu: aka karɓi Misuri da bayinta, aka yanko Maine a Arewa ta zama jihar 'ya'ya, sa'an nan aka ja layi bisa taswira a sauran ƙasar da aka saya, aka ce arewa da layin ba bauta. Wannan faci ya riƙe fiye da shekara 30.

Yaƙin Meziko ne ya fara yage shi. Manoman Amurka sun shiga Teksas da bayinsu tun tana ƙarƙashin Meziko, ita kuwa Meziko ta soke bauta a 1829. Suka yi tawaye a 1836, Amurka ta haɗe Teksas a 1845, yaƙi ya ɓarke a 1846. Da aka ƙare a 1848, Meziko ta rasa wajen rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Tun ana cikin yaƙin wani wakilin Arewa, David Wilmot, ya kawo shawara kada a yarda da bauta a duk ƙasar da za a ci. Wakilai suka yarda, Dattawa suka ƙi. Kada mai karatu ya ɗauka mutanen Arewa duka tausayin bayi suke ji. Akwai masu ƙin bauta don tsoron Allah, amma mafi yawa gudun kansu suke yi, don ƙaramin manomi mai noma da hannunsa ba zai iya gasa da mai bayi 100 ba.

Cikin 1850 aka sake wani sulhun. Kalifoniya, wadda masu haƙar zinariya suka cika, ta shiga a matsayin jihar 'ya'ya. Kudu kuma aka ba ta dokar kamo gudaddun bayi, mai tsananin gaske. Wanda aka kama ba shi da bakin ba da shaida, ma'aikacin da ke yanke maganar kuwa ladansa dala 10 in ya miƙa shi ga mai da'awa, dala 5 in ya sake shi. Kowa ya san inda irin wannan shari'a za ta nufa. Mutanen Boston da ba su taɓa ganin rinji ba suka ga ana jan mutum a titinsu zuwa jirgin ruwa, zukata suka ɓaci.

Tsugunne ba ta ƙare ba. A 1854 majalisa ta share layin 1820, ta ce mazauna Kansas da Nebraska su zaɓa da kansu. Sai kowane ɓangare ya tura mutanensa Kansas da bindigogi, aka yi ta kashe juna. Fushin wannan doka ne ya haifi jam'iyyar Rifablikan, wadda manufarta ita ce kada bauta ta ƙara taku guda zuwa yamma. A 1857 kuma aka yanke shari'ar Dred Scott, bawan wani likitan soja, wanda ya nemi 'yanci don ubangijinsa ya zauna da shi shekaru a ƙasar 'ya'ya. Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya ce baƙin mutum ba ɗan ƙasa ba ne balle ya kai ƙara, kuma majalisa ba ta da ikon hana kowa shiga sabon yanki da bayinsa. Daga nan wurin sulhu ya ƙare.

Cikin Nuwamba 1860 Abraham Linkon na Rifablikan ya ci zaɓen shugaban ƙasa, alhali a yawancin jihohin Kudu ko takarar ba a yi da sunansa ba. Ya faɗa a fili ba zai taɓa bauta inda take ba, iyaka dai ba za ta yaɗu ba. Manyan Kudu suka gane in an rufe musu yamma, sababbin jihohi duka na 'ya'ya za su zama, garkuwarsu ta faɗi ke nan. Karolina ta Kudu ta fita daga tarayya ran 20 ga Disamba, daga baya jihohin da suka ɓalle suka kai 11, suka naɗa Jefferson Davis shugabansu. Bayan yaƙi wasu sun ce don kare ikon jihohi aka yi, amma takardun da jihohin suka rubuta lokacin fitarsu bauta suka ambata ƙarara.

Ran 12 ga Afrilu 1861 sojan Kudu suka buɗe wa sansanin Sumter wuta. Arewa tana da mutum wajen miliyan 22, da masana'antu da hanyoyin jirgin ƙasa. Kudu miliyan 9, kuma miliyan 3 da rabi daga ciki bayi ne. Ta dogara ga auduga, tana zaton Ingila za ta taimake ta. Jiragen Arewa suka tsare tashoshinta, masaƙun Manchesta suka tsaya, ma'aikata suka sha yunwa, amma Ingila ba ta shiga ba.

Da fari Linkon don riƙe tarayya yake yaƙi. Bayi ne suka riƙa gudu suna faɗawa sansanonin Arewa, har ran 1 ga Janairu 1863 ya yi shelar 'yanta bayin jihohin tawaye, aka kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar soja. Wajen 180,000 suka shiga. Cikinsu har da wani ɗan Kukawa ta Barno, Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya zaga Istambul da Rasha, ya sami 'yanci, ya isa Amurka, ya shiga bataliya ta 55 ta Massachusetts a 1863.

A Yulin shekarar nan aka karya Janar Lee na Kudu a Gettysburg bayan kwana 3 ana gwabzawa, Janar Grant kuma ya ci Vicksburg ya mallake Misisifi. Lee ya miƙa wuya ran 9 ga Afrilu 1865. Kwana 5 bayan haka aka harbe Linkon a gidan wasa, ya cika da safe. Sojan da suka mutu sun haura 620,000, cuta ta kashe fiye da harsashi. A Disamba aka gyara tsarin mulki, aka haramta bauta a ƙasar duka.

Saura maganar ƙasa. Tun 1862, da wakilan Kudu suka bar majalisa, aka yi doka cewa wanda ya zauna a dajin yamma ya noma shi shekara 5 za a mallaka masa eka 160, kuma Turawa ne suka fi cin moriyarta. 'Yantattun bayi kuwa, Janar Sherman ya yanka wa wasu dubbai eka 40 kowane gida a gaɓar Jojiya da Karolina ta Kudu, amma kafin 1865 ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya sa aka mayar wa tsofaffin iyayengiji yawancin gonakin. Da yawansu suka koma noman auduga a gonar wani, in kaka ta yi a raba amfani, a cire bashin iri da na abinci daga rabonsu.