Takai, Sansanin Yusufawa a Basasar Kano

Wani mai karatu daga Jahun ya tambaya ko akwai fagen yaƙin basasa da zai iya ziyarta ba sai ya je ƙasar Ibo ba. Akwai, kuma a kan hanyarsa ta zuwa Kano yake. In ya biyo ta Kiyawa da Dutse ya fito Kwanar Huguma, to ya tsaya a Takai.

A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, lokacin Jahun da Dutse duk ƙasar Kano ce. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya ce a naɗa Tukur ɗan Bello, saboda jarumtar da ya nuna a yaƙin Argungu. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi, ɗan'uwan Bello, suka ƙi mubaya'a, suka fice daga birni bayan yayansu Yusufu, suka yada zango a Takai, garin ribaɗin da ke tare maharan Ningi. Daga nan suka yi ta cin garuruwan gabas, har da Gaya.

Sakkwato ta kira su 'yan tawaye, kuma har yau akwai masu wannan ra'ayi, tunda umarnin Sarkin Musulmi suka saɓa. Ni dai ban gamsu ba. Bello ya shafe mulkinsa yana tuɓe 'ya'yan ɗan'uwansa daga sarautu don share wa ɗansa hanya, sannan aka ɗora wa Kanawa sarkin da zukatansu ba su kwanta da shi ba. Wanda aka tura har ya kai bango, me ake so ya yi? Abin da ke ci mini rai shi ne talakawan ƙauyuka, waɗanda aka ƙone musu rumbuna aka kama su bayi a rigimar da ba tasu ba.

Yusufu bai ga nasara ba, don a Garko ya rasu a 1894. Ƙanensa Alu ya karɓi tuta, ya shiga Kano a shekarar. Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895, ajalinsa ke nan. Alu ya yi mulki har Turawa suka ci Kano a 1903.

Matafiyi ya nemi dattawan Takai su nuna masa inda ganuwa ta bi, sannan ya ratsa Garko kafin ya haye gadar Wudil.