Daga Karan Ɗori Zuwa Wuƙar Likita: Tarihin Miƙar da Ƙashi a Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda Hausawan Talatar Mafara da Bakura da Maradun suka ɗauki karkacewar gaɓoɓi, da yadda aikin yanka ƙashi don miƙar da shi ya riske su. Abin da za a nuna shi ne, Bahaushe ya daɗe da sanin gyaran ƙashin da ya karye, amma ƙashin da ya tashi a karkace bai sa shi cikin jerin cututtuka ba. Wannan rabo yana nan cikin harshe, kuma sau da yawa shi ke yanke hukuncin ko a nema wa yaro magani ko a bar shi yadda yake.

2.0 Maɗori da Wanzami

Waɗannan garuruwa uku na bakin Gulbin Sakkwato garuruwan noma ne da kiwo, don haka karaya ba baƙuwarsu ba ce: faɗowa daga itace, harbin jaki, tunkuyin sa, rushewar katanga da damina. Mai maganinta shi ne maɗori, kuma galibi sana'ar gado ce. Da hannu yake lalubar ƙashi, ya ja shi ya daidaita, ya jera karan ɗori ya ɗaure, sa'an nan ya yi tofi. Yana da kalmomin aikinsa: karaya daban, tsagewa daban, gocewa daban, targaɗe daban.

A ɗaya gefen kuma akwai wanzami, wanda aska take hannunsa. Shi ke kaciya da ƙaho da tsaga da cire belu. In mai karatu ya lura zai ga an raba aikin gida biyu. Wanzami yana yanka amma aska tasa ba ta kai ga ƙashi, maɗori yana taɓa ƙashi amma ba ya tsaga fata. Mai haɗa wuƙa da ƙashi mahauci ne kaɗai, shi kuwa kan dabba yake aikinsa. Ke nan babu wata sana'a ta gargajiya da yanka lafiyayyen ƙashin mutum ya faɗo cikin rabonta.

Harshe ya tabbatar da haka. Ana cewa wane ya karye, watau wani abu ya same shi. Amma ana cewa wane gwame ne, ko yana da ƙafar baka, watau siffarsa ke nan. Na farko tsautsayi ne, na biyu halitta, kuma halitta ba a kai ta gidan mai magani. Gurguntar da shan inna ke bari ita ce ta fita daban, don sunan kansa ya jingina ta ga iska, sai aka nufi masu bori da malamai da ita.

3.0 Asalin Aikin a Wasu Ƙasashe

Ko a duniyar Musulmi, littafin Al-Tasrif na Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya yi dogon bayani a kan ɗori da mayar da gocewa. A Faransa, cikin 1741, Nicolas Andry ya wallafa littafi kan gyaran nakasar yara, ya sa hoton karkataccen itace ɗaure da turke. Wannan dai shi ne karin maganar nan tamu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗauri da haƙuri su ne makaminsa, ba wuƙa ba.

A 1826 ne John Rhea Barton na Filadelfiya a Amurka ya yanka ƙashin cinyar wani matuƙin jirgin ruwa da ƙugunsa ya sandare a karkace. Amma aikin bai yaɗu ba sai da abubuwa uku suka samu: maganin sa barci a 1846, hanyar Joseph Lister ta kare rauni daga ƙwayoyin cuta a 1867, da hoton ƙashi a 1895. Tsakanin nan William Macewen na Gilasgo, inda ciwon laushin ƙashi ya yi yawa ga yara, ya ƙware wajen miƙar da gwame, ya wallafa littafi a kan aikin a 1880.

Yadda ake yinsa kuwa bai yi nisa da hankalin maɗori ba. Likita yana auna karkatar a hoto, ya yanka ƙashin, wani lokaci ya cire ɗan yanki, ya daidaita shi, ya riƙe da ƙarfe ko filasta, wadda jama'a ke kira siminti. Watau karaya ce aka yi da gangan, kuma jiki yana haɗa ta kamar yadda yake haɗa kowace karaya.

4.0 Isowarsa Arewa

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya buɗe a 1959, kuma a 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗa shi da na Igbobi da na Inugu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Ga mutumin Maradun ko Bakura, Dala tafiya ce mai nisa da tsada, don haka maɗori ya ci gaba da riƙe matsayinsa. Daga baya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da asibitin tarayya na Gusau suka rage nisan.

Ita karayar ma ta sake kama. Aikin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya shigo da manyan injuna da motoci yankin. Bayansa sai babur da kabu-kabu, sa'an nan harsashi, tun da fitinar 'yan bindiga ta tsananta a Zamfara bayan 2011. Ƙashin da ya dagargaje ko ya huda fata ya fi ƙarfin karan ɗori. In ya haɗe a karkace, gyaransa sai an sake yanka shi. In kuma ɗauri ya matse jini gaɓa ta ruɓe, sai yankewa. Daga nan tsoron asibiti ya samo tushe: mutane sun ga an shiga da ƙafa an fito babu, ba su ga makonnin da aka ɓata kafin a je ba.

5.0 Halitta ko Cuta?

Ilimin zamani ya gaskata Bahaushe a wani gefe, domin yawancin ƙafar baka ta jarirai tana miƙewa kusan shekara 2, gwamen ƙuruciya kuma kusan shekara 7. Amma wanda ya ci gaba da ƙaruwa, ko ya kama ƙafa ɗaya, alamar cuta ce. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa laushin ƙashin yaran da suka duba ƙarancin sinadarin kalsiyam ne babban sanadinsa, sinadarin da ke cikin nono da madara. In an gano da wuri, abinci da magani kan wadatar. In ƙashi ya ƙosa, sai wuƙa. Ita kuwa shan inna, an tabbatar da Nijeriya ta rabu da ƙwayarta ta asali a 2020, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan.

6.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa iyakar da ke tsakanin halitta da cuta ta matsa, amma harshe bai bi ta ba tukuna. Har yau Hausa ba ta da kalma guda ta wannan aiki, sai dai a ce aikin ƙashi, wanda kunnen mai sauraro kan juya zuwa yanke ƙafa. Nan ne manazarta harshe suke da aiki: tattara kalmomin maɗoran Mafara da Bakura da Maradun tun tsofaffin suna raye, da samar wa likita lafazin da zai bambanta wa uban yaro yanka ƙashi da yanke gaɓa.